Hawan tudu da keke: darasi daga dutsen Alpe d'Huez



Da yawa daga cikinmu a keke muke zuwa makaranta. Waɗanda suke fitowa daga ƙauyukan Gwiwa sun san inda hanya take miƙe, sun kuma san inda dole mutum ya sauka ya tura. Wanda ya taɓa bin hanyoyin Roni ko Kazaure ya ga duwatsu da tuddai iri-iri. Wannan ya sa muka tambayi kanmu: me ya sa hawa yake cinye ƙarfin mai keke, kuma yaya gwanaye suke yi? Amsar ta kai mu har ƙasar Faransa.

A kudu maso gabashin Faransa, cikin jerin duwatsun Alps, akwai wani gari a saman dutse mai suna Alpe d'Huez. Titin da yake hawa zuwa can yana farawa daga kusa da garin Bourg d'Oisans. Tsawonsa kilomita 13.8 ne, amma kafin mutum ya kai ƙarshe zai yi sama da fiye da mita 1,000. Babbar gasar tseren keke ta Tour de France ta fara hawa wannan dutse a shekarar 1952, kuma Fausto Coppi ɗan ƙasar Italiya ne ya zo na ɗaya. Yanzu duk lokacin zafi mutane daga ƙasashe daban-daban suna zuwa hutu wurin don su gwada ƙarfinsu. Manyan gwanaye sun hau shi cikin ƙasa da minti 40. Mai keke na yau da kullum yakan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Abu na farko da muka koya shi ne yadda ake auna hawa. Ana cewa titin Alpe d'Huez yana da hawa na kusan kashi 8 cikin 100. Ma'ana, duk mita 100 da ka tafi gaba, ka yi sama da mita 8. Tsawon filin ƙwallo kusan mita 100 ne. To, a ce ragar can ta fi ragar nan tudu da mita 8, kuma sai ka ratsa irin wannan fili sau 138 a jere. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska da gugar taya kawai kake ture wa. A hawa kuwa ɗaga nauyi kake yi: nauyinka, da na keken, da jakar littattafai, da ƙanenka idan ka goyo shi a kariya. Shi ya sa mai goyo yake riga kowa sauka.

Abu na biyu shi ne kwana. Titin yana da manyan kwanoni 21, kowace da lambarta a jikin allo, tare da sunayen waɗanda suka taɓa cin tseren a can. Da an miƙe titin sak zuwa sama, da ko mota ba za ta iya hawa ba. Da aka lanƙwasa shi, sai tafiyar ta yi tsawo amma hawan ya yi sauƙi. Dabarar da muke yi ke nan idan muna karkata hagu da dama a kan tudu. Sai dai su titinsu ne yake lanƙwasa, kuma ranar gasa ana rufe shi ga motoci. Mu kuwa idan muka yi haka a kan kwalta, hannun mai babur ko mai mota muke shiga.

Abu na uku shi ne giya. Mun kifa keken ɗaya daga cikinmu muka ƙirga haƙoran da sarƙa take bi. Na wajen feda 44 ne, na tayar baya 18. Idan aka raba 44 gida 18, za a sami kusan biyu da rabi. Wato duk zagaye ɗaya na feda, tayar baya tana juyawa kusan sau biyu da rabi. A miƙaƙƙiyar hanya wannan gudu ne mai daɗi, amma a hawa sai feda ta yi tauri kamar dutse. Mai keken tsere yana mayar da sarƙarsa kan ƙaramin faifai a gaba da babba a baya. Sai kowane zagaye ya kai shi ɗan gaba kaɗan, amma ƙafarsa tana juyawa da sauƙi. Aikin bai ragu ba, raba shi aka yi ƙanana-ƙanana, kamar mai kwashe buhun gero da kwano. Saboda haka duk wanda kekensa ba shi da giya, ba abin kunya ba ne ya sauka ya tura.

Abu na huɗu shi ne ƙarfin jiki. Gwanaye ba sa fara hawa da gudu. Suna kama taki ɗaya, suna shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama su, suna kuma cin abinci a kan hanya. Wanda ya fito da safe bai karya ba, ya kuma taka da ƙarfi tun daga gindin tudu, haki ne zai tsayar da shi a tsakiya.

Abin da ya fi damun mu shi ne gangara. Hawa gajiya kawai yake sa wa, amma gangara tana iya cin rai. A watan Yuni na 2023, ɗan tsere Gino Mäder, mai shekara 26, ya faɗi a wata gangarar dutse a gasar ƙasarsu Suwizalan, ya rasu washegari. Gwani ne, yana kan keke mai kyau. To ina ga wanda robar birkinsa ta cinye, yana tsayar da keke da silifas a kan taya? Mun sha ganin haka a bakin ƙofar makaranta idan an tashi, wani ma da ƙaramin yaro a baya.

Don haka muna roƙon 'yan uwa ɗalibai abubuwa kaɗan. Kafin ka fito, matsa birkin gaba da na baya ka tura keken ka gani ko sun kama. Idan roba ta cinye, kai wa mai gyaran keke ya canja, kuɗinta bai kai na asibiti ba. A gangara a riƙa kama birki biyun a hankali tun daga sama, ban da damƙe na gaba shi kaɗai, domin yana iya kifar da mutum. A rage gudu kafin a shiga kwana, musamman inda yashi ya kwanta a kan hanya. Idan da goyo kuma gangarar tana da tsanani, gara a sauka a taka.

Muna kuma roƙon malaman da suke kula da taron safe su ware rana ɗaya a kowane zango a duba birkin kekunan ɗalibai. Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta