Albashi Da Lissafi: Abin Da Ya Kamata Iyaye Ma'aikata Su Sani

A zangunanmu, daga Nima ta Akra har Aboabo ta Kumasi, da wuya wata ya kai ashirin ba a ji kukan iyaye ma'aikata ba. Albashi ya ƙare, ga kuɗin makaranta, ga mai gida yana jiran kuɗin haya. Ƙarancin albashi kam gaskiya ne, amma mun lura abu biyu ne ke fid da uwa ko uba daga ƙangin bashi: sanin lissafin kuɗi, da samun wurin aikin da ke tausaya wa mai iyali.

Mu fara da lissafi. Kowa ya san masu karɓar susu da ke zagaya kasuwanni. In mace tana zuba sidi 10 kullum har kwana 31, za a mayar mata da sidi 300, zubin kwana ɗaya kuwa ladan mai karɓa ne. Ba riba take nema ba, tsare kuɗin take yi daga hannunta da hannun masu roƙo. Akwai kuma tsarin akwatin ajiya da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, wanda ya bazu har ya iso Gana. Mata kan taru duk mako su zuba, su ranta wa junansu jari, ƙarshen shekara su raba.

Sai dai a yi hattara. A watan Mayu na 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da bashi har 347, kuɗin mutane da yawa suka maƙale. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci, tsaya ka tambayi inda za ta fito.

To, amma lissafi ba ya yiwuwa in aikin kansa ba tabbas. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba mai jego hutun haihuwa na aƙalla mako 12 tare da cikakken albashinta, da ƙarin mako 2 in tagwaye ta haifa. Ta hana a kore ta saboda wannan hutu, ta kuma ba ta awa ɗaya a lokacin aiki don shayar da jariri. Haka nan dokar fansho ta 2008 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 5.5 cikin ɗari na albashinsa, ubangidansa ya ƙara kashi 13. Ya kamata kowa ya riƙa zuwa ofishin SSNIT yana duba ko ana zuba nasa.

Uwar da ta san aikinta na jiran ta bayan haihuwa ba za ta sayar da kayan ɗakinta ba, ba kuwa za ta cire babbar 'yarta daga makaranta don reno ba. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu shaguna, da masu motocin haya, da masu makarantu, su biya albashi a kan kari, su kuma yi wa ma'aikaci uzuri ran da ɗansa ya kwanta ciwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa albarka cikin abin da muke samu, amin.