'Yar tashar rediyo a cikin mota: tsarabar Madina da ke buƙatar lura

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Hijira daga Madina zuwa Makka a mota, tafiyar da ta haura kilomita 400, ya san direba ba ya rasa abin saurare. A da kaset ne, galibi karatun Sheikh Ali Huzaifi, limamin Masallacin Annabi (SAW). Da zamanin kaset ya shuɗe, karatu da wa'azi suka koma cikin memori da wayar hannu, sai tsofaffin motoci suka rasa kafar da za a jona su.

Abin da ya cike wannan giɓi wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ake samu a shagunan kayan lantarki na Madina, har wasu alhazanmu kan haɗa ta cikin tsaraba. Ana cusa ta a ramin kunna sigari na mota, ta ja wuta mai ƙarfin bolt 12, a sa mata memori ko a haɗa ta da waya. Ita kuma sai ta watsa sautin a zangon FM, tsakanin mita 87.5 da 108, rediyon motar ya kama kamar yadda yake kama kowace tasha. Wato dai tashar rediyo ce sukutum, sai dai zangonta 'yan taku ne.

Ta yi suna ne bayan fitowar iPod a 2001, musamman samfurin iTrip na kamfanin Griffin. A Ingila ma haramun ne amfani da ita har zuwa Disambar 2006, domin doka ta ɗauke ta a matsayin tasha marar lasisi.

Korafin da muka fi ji shi ne shuuu da ƙara. Sau da yawa ba laifin na'urar ba ne. A cikin sahara zango fayau yake, amma da an doso gari sai manyan tashoshi su danne ta. Maganin shi ne a nemi lambar da babu kowa a kanta, a daidaita na'urar da rediyon a kai. Lambar da ta yi aiki a Madina ba lallai ta yi a Kano ba. Kuma a tsaya gefen titi kafin a taɓa ta.

Abin da ya fi damun mu shi ne sirri. Samfuran da ke aiki da Bluetooth har kiran waya suke ɗauka, su watsa muryar wanda ya kira. Motar da ke kusa da kai a cunkoso, idan rediyonta na kan wannan lamba, tana iya jin abin da maiɗakinka ke faɗa maka daga gida, ko cinikin da kake ƙullawa da abokin kasuwa. Saboda haka idan maganar ta sirri ce, a zare ta tukuna.