Vernon L. Moore

Vernon L. Moore sojan sama ne ɗan ƙasar Amurka mai muƙamin saje, wanda ya yi aikin maharbi a jirgin yaƙi mai jefa bama-bamai da ake kira Lady Be Good a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jirgin ya ɓace a daren 4 ga watan Afrilu, shekarar 1943, ɗauke da mutum 9. An gano tarkacensa a hamadar Libiya bayan shekara 15, kuma a shekarar 1960 aka samu gawarwakin mutum 8 daga cikinsu. Moore ne kaɗai har yau ba a tabbatar da inda ƙasusuwansa suke ba.

Aikinsa a jirgi

Moore mutumin garin New Boston ne a jihar Ohio. Jirginsu samfurin B-24 Liberator ne mai inji huɗu, a ƙarƙashin runduna ta 376 ta jiragen bama-bamai, wadda ke da sansani a Soluch kusa da Banghazi. Irin wannan jirgi yana ɗauke da manyan bindigogi masu sarrafa kansu a gaba, da sama, da gefe biyu, da wutsiya, domin kare shi daga ƙananan jiragen abokan gaba. Maharba uku ne a ayarin: Moore, da Guy Shelley, da Samuel Adams. Ban da harbi, Moore shi ne mataimakin mai kula da rediyo. Matuƙin jirgin shi ne Laftanar William Hatton, mataimakinsa kuma Laftanar Robert Toner.

Yadda jirgin ya ɓace

A ranar 4 ga watan Afrilu, 1943, jirage 25 suka tashi daga Soluch domin kai hari tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Wannan ne karo na farko da ayarin Hatton ya fita yaƙi. An tashi cikin guguwar rairayi, wadda ta sa jirage da dama suka juyo tun kafin su isa. Lady Be Good ya rabu da sauran, ya kamo hanyar gida shi kaɗai cikin dare.

Wajen tsakar dare Hatton ya kira sansani ta rediyo yana neman a nuna masa hanya. Na'urar da ke ƙasa tana iya nuna layin da jirgi yake kai, amma ba ta bambance ko yana ta ɓangaren teku ne ko ya riga ya wuce zuwa cikin ƙasa. Jirgin ya tsallake sansanin ba tare da an ankara ba, ya ci gaba da nutsawa cikin Sahara har mai ya kusa ƙarewa. Wajen ƙarfe 2 na dare mutanen suka yi tsalle da laima, sanye da rigunan hana nutsewa a ruwa. Jirgin ya ƙara tafiyar kimanin kilomita 26 babu kowa a ciki, sannan ya faɗi a nisan kusan kilomita 710 daga Soluch.

Binciken farko

Hukumomin soja sun ɗauka cewa jirgin ya faɗa tekun Bahar Rum, don haka can aka fi mayar da hankali wajen nema. Da ba a ga komai ba, aka rubuta mutanen a jerin waɗanda suka ɓace, daga baya kuma aka ayyana su a matsayin matattu, kamar yadda dokar Amurka ta tanada ga sojan da ya shekara ba a ji ɗuriyarsa ba. Wannan zato na teku shi ne ya zauna a takardun hukuma har tsawon shekara 15.

Gano tarkace

A watan Nuwamba na shekarar 1958, masu neman man fetur na wani kamfanin Birtaniya suka hango tarkacen daga sama. Ayarin farko ya isa wurin ta ƙasa a farkon shekarar 1959. Bushewar hamada ta adana jirgin: ya karye gida biyu, amma rediyonsa da wasu bindigoginsa suna aiki, kuma akwai abinci da ruwa a ciki. Babu gawa, babu laima ko ɗaya, abin da ya nuna cewa mutanen sun fice kafin ya faɗi.

Sojojin Amurka daga sansanin Wheelus da ke kusa da Tarabulus suka shiga nema a wannan shekara. Sun samu takalma, da rigunan ruwa, da yankunan laima da aka danne da duwatsu a siffar kibiya suna nuna arewa, amma sawun ya ɓace a bakin tuddan rairayi na Calanshio.

Gawarwaki da littafin Toner

A watan Fabrairu na shekarar 1960, wasu masu neman mai suka ci karo da gawarwaki 5 a wuri ɗaya: na Hatton, da Toner, da Adams, da mai duba hanya D. P. Hays, da mai kula da rediyo Robert LaMotte. Tare da su akwai ɗan littafin da Toner yake rubuta abin da ya faru kowace rana, kuma daga cikinsa aka san yawancin labarin.

Littafin ya nuna cewa mutum 8 ne suka haɗu bayan sauka. Suna zaton gaɓar teku ba ta da nisa, sai suka nufi arewa da ƙafa, da gorar ruwa ɗaya tak a tsakaninsu. Sun yi tafiyar kimanin kilomita 130 kafin mutum 5 su gaza. Ragowar ukun, wato Moore, da Shelley, da injiniyan jirgin Harold Ripslinger, suka ci gaba domin neman agaji. Masu bincike sun lura cewa da kudu suka nufa, da sun tarar da jirgin da ruwansa da rediyonsa a ɗan taƙi kaɗan.

A watan Mayu na 1960 aka samu gawar Shelley da ta Ripslinger daban-daban a cikin tuddan rairayi, fiye da kilomita 30 daga inda aka samu biyar ɗin. A watan Agusta aka samu ta mai sakin bam, John Woravka, wanda laimarsa ba ta buɗe sosai ba. Duk neman da aka yi ta sama da ta ƙasa bai kai ga Moore ba.

Ƙasusuwan 1953

A shekarar 1953, wani ayarin sojan Birtaniya da ke atisayen ƙetare hamada ya tarar da ƙasusuwan mutum a yankin da daga baya aka samu Shelley da Ripslinger. Da yake babu wata takarda da ta nuna cewa sojojin ƙawance sun ɓace a wannan wuri, sai suka ɗauki hoto, suka binne ƙasusuwan, suka wuce. Bayan kusan shekara 50, ɗaya daga cikin mutanen ayarin ya tuno da lamarin, aka sake duba hoton. Wasu masu bincike suna ganin mai yiwuwa Moore ne, sai dai hoto kaɗai bai isa hujjar da hukuma za ta karɓa ba.

Yadda ake tantance irin wannan gawa

Masu binciken sojojin sama da suka ɓace suna haɗa hujjoji iri-iri: rahoton ɓatan jirgi, da littafin aikin runduna, da lambobin da ke jikin inji da bindigogi, da ƙarfen suna da soja ke ratayawa a wuya, da bayanan haƙoransa, da shaidar mutanen yankin. A yanzu ana ƙarawa da gwajin ƙwayoyin halitta, inda ake kwatanta ƙashi da samfurin dangi, musamman na wajen uwa. Tun shekarar 2015 hukumar DPAA ce ke wannan aiki a Amurka, kuma sojojin ƙasar fiye da 70,000 na Yaƙin Duniya na Biyu har yanzu ba a gano su ba. A batun Moore, gwajin ba zai yiwu ba sai an sake gano kabarin 1953, kuma yana cikin tuddan rairayi ne da iska ke sauya musu wuri.

Matsalar ba ta tsaya a Libiya ba. Daga shekarar 1940, dubban jiragen yaƙi sun bi hanyar da ta taso daga Takoradi, ta ratsa Legas, da Kano, da Maiduguri, da Khartum zuwa Masar, wasu kuma sun faɗi a hanya. Sojojin saman Birtaniya da ƙasashen renonta waɗanda suka tashi daga sansanonin Afirka ta Yamma ba a samu kabarinsu ba, an rubuta sunayensu a dutsen tunawa da ke tsibirin Malta.

Tunawa

An rubuta sunan Moore a bangon waɗanda suka ɓace a maƙabartar sojojin Amurka da ke Carthage a Tunisiya. A shekarar 1994 hukumomin Libiya suka kwashe tarkacen jirgin zuwa Tobruk. Wasu sassansa kuma suna gidan tarihin sojojin saman Amurka kusa da Dayton, a jihar Ohio inda Moore ya fito.