Mamman Nasir, lauyan gwamnati ɗan Katsina

In an sace shanu a karkarar Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, jandarma ke kama wanda ake zargi. Amma ba su ke yanke hukunci ba. Suna miƙa takardu ga wani ma'aikacin shari'a, wato mai gabatar da ƙara. Shi ne bakin gwamnati gaban alƙali. In ya ga akwai shaida, sai ya kai mutum kotu. In babu, yana iya kashe magana, mutum ya koma gida. Aiki ne mai nauyi, don kuskurensa na iya jefa marar laifi gidan kaso.

Irin wannan aiki Mamman Nasir ya riƙe a Nijeriya. An haife shi a Katsina cikin 1929. Ya yi karatu a kwalejin Kaduna, daga baya ya tafi Ingila koyon shari'a. A 1955 ya zama lauya. A lokacin, lauyoyi ƴan Arewa ba su kai yawan yatsun hannu ba.

A 1961 ya zama ministan shari'a cikin gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. Shekarunsa 32 kacal. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka kashe Sardauna a Kaduna. Gwamnati ta faɗi, kujerar minista ta tafi. Ilimin shari'a kuwa yana cikin kansa, ba wanda ya ƙwace. A 1967 aka ba shi shugabancin masu gabatar da ƙara na Arewa. Sannan ya zama babban lauyan jihar da ta haɗa Katsina da Zariya.

A 1975 ya hau kujerar alƙali a Kotun Ƙoli. A 1978 ya zama shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya yi shekara 14 a kai. Can ne mutum ke zuwa in bai yarda da hukuncin kotun farko ba. A Nijar ma akwai irinta, har da garin Tawa. Sai dai kwanakin da doka ta bayar kaɗan ne. Mai son ɗaukaka ƙara kada ya yi nawa.

Da ya aje aiki a 1992, Sarkin Katsina ya naɗa shi Galadima, hakimin Malumfashi. Ya rasu cikin watan Afrilu na 2019.