Shehzad Roy: Mawaƙin da Ya Rungumi Makarantun Gwamnati

Ba kasafai ake samun mawaƙin da sunansa ya fi fitowa a maganar ilimi fiye da fagen nishaɗi ba, amma a Pakistan akwai Shehzad Roy. An haife shi a birnin Karachi a 1977, ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Zindagi a 1995. Da waƙoƙin soyayya ya yi suna, matasa suka yi ta rububinsa.

A 2002 ya kafa gidauniyar Zindagi Trust. Abin da ya dame shi shi ne yaran da ke aikin ƙarfi a garejin kanikawa da kasuwanni maimakon zuwa aji. Ya lura ba ƙin karatu suke yi ba, ɗan abin da suke samowa ne ake ɗora tukunya da shi a gida. Sai gidauniyar ta fito da dabara: duk ranar da yaro ya zo aji, a ba shi rupi 20. A 2006 kuma ya gayyato mawaƙin Kanada, Bryan Adams, suka yi wasa a Karachi don tara kuɗin taimako.

Tafiya ta yi tafiya, Roy ya gane cewa 'ya'yan talakawa makarantun gwamnati suke zuwa, kuma babu gidauniyar da za ta iya gina wa miliyoyin yara makarantu na daban. Gyaran na gwamnatin shi ne mafita. A 2007 gidauniyarsa ta karɓi ragamar makarantar 'yan mata ta SMB Fatima Jinnah da ke Karachi. Makarantu da dama ne cunkushe a haraba ɗaya, kowace da shugabarta. Aka haɗe su ƙarƙashin shugabanci guda, aka gyara azuzuwa da banɗakuna, aka samar da ruwan sha da ɗakin karatu, aka shigo da darasin zane da wasanni. Makarantar ta ci gaba da zama ta gwamnati, ba a biyan kuɗi.

Waƙarsa ma ta sauya alƙibla. A 2008 ya saki Laga Reh, wadda ta yi shaguɓe ga 'yan siyasa da kuma talakan da ya naɗe hannu yana jiran gyara daga sama. Kundin da ke ɗauke da ita a gidan yarin ƙananan yara na Karachi aka ƙaddamar da shi. A 2013 ya hau babur ya zaga ƙasar a shirin talabijin na Chal Parha, yana nuna wa jama'a halin da makarantu ke ciki, musamman dukan da ake yi wa ɗalibai.

Bai tsaya nan ba, ya garzaya kotu. A 2020 Babbar Kotun Islamabad ta dakatar da amfani da sashe na 89 na dokar hukunta laifuka, wanda masu dukan yara ke fakewa da shi. A 2021 Majalisar Dokokin ƙasar ta amince da ƙudurin haramta dukan yara a babban birnin.

Har yanzu Pakistan, kamar Najeriya, tana cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma mutum ɗaya ba zai kawar da wannan ba. Amma Roy ya nuna cewa farin jini jari ne, ana iya kashe shi wajen matsa wa hukuma lamba ta sauke nauyin da ke kanta. Mawaƙanmu da sauran masu faɗa a ji, ga abin koyi.