Neman diyya idan matashi ya naƙasa a filin wasa

Diyyar raunin wasa kuɗi ce da kotu ke yanke wa wanda ya ji ciwo a fili, ko kuma ɓangarorin biyu su daidaita a kanta ba tare da an kai gaban alƙali ba. Ba kowane ciwo ke jawo ta ba. Targaɗe, gocewar ƙashi, har da karayar da aka ɗora ta warke cikin wata biyu, duk wanda ya shiga ƙwallo ko kokawa ya san za su iya samunsa. Maganar diyya tana tasowa ne idan raunin ya sauya wa yaro rayuwa baki ɗaya: laka ta taɓu ƙafafu sun shanye, ƙwaƙwalwa ta bugu, ko ido ya tsiyaye. A nan ne iyaye kan rasa na kamawa, ko su rungumi ƙaddara su yi shiru, ko su nemi wani ya ɗauki nauyin abin da ya faru.

Dokar da ta shafi sakaci a kotunan Najeriya da Ghana gado ce daga Ingila, kuma har yau alƙalai kan duba hukunce-hukuncen can don neman haske, duk da ba dole ba ne su bi su. A wannan doka, kotu ba ta fara da tambayar girman raunin. Abin da take fara nema shi ne wa ke da alhakin kula da lafiyar yaron a lokacin, ko ya gaza yin abin da duk mai hankali a matsayinsa zai yi, sannan ko wannan gazawar ce ta jawo raunin. Wanda ya shiga fili ana ɗauka ya amince da haɗarin da ke tattare da wasan idan an yi shi bisa ƙa'ida. Ba a ɗauka ya amince da sakacin manyan da aka damƙa musu amanarsa.

Shari'ar da ta fi fito da wannan bambanci ita ce ta Ben Smoldon a Ingila. A watan Oktoban 1991, yana da shekara 17, yana buga ƙwallon zari-ruga a ƙungiyar matasa ta Sutton Coldfield a karawarsu da takwarorinsu na Burton. A wannan wasa akwai lokacin da 'yan wasa takwas daga kowane ɓangare ke sunkuyawa, su sarƙe kafaɗa da kafaɗa, su yi ta turereniya a kan ƙwallo. Smoldon shi ne na tsakiya a sahun gaba, hannuwansa duka biyu suna rataye a wuyan abokansa, ba shi da abin kare kansa idan sahun ya rufta. A ranar sahun ya yi ta ruftawa, sama da sau ashirin kamar yadda shaidu suka nuna wa kotu. Dab da tashi ya sake ruftawa, wuyan yaron ya karye, jikinsa ya shanye, ya koma keken guragu.

Smoldon ya kai ƙarar mutum biyu: ɗan wasan ɗaya ɓangaren da ke fuskantarsa, da alƙalin wasa, Michael Nolan. A 1996 babbar kotu ta wanke ɗan wasan, ta kama alƙalin wasa da laifin sakaci, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen shekarar. Dalilin kotu a fili yake. Akwai dokoki na musamman da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara 19, waɗanda suka tilasta a haɗa sahun daki-daki, a sunkuya, a taɓa, a ɗan dakata, sannan a haɗu, domin wuyan matashi bai yi ƙwarin na babba ba. Alƙalin wasan bai tabbatar an bi su ba, duk da mataimakinsa na gefen fili ya gargaɗe shi cewa wani zai ji ciwo. Amma kotun ta ja layi, ta ce ba za a kama alƙalin wasa da kuskuren da ya yi cikin zafin wasa, a ƙiftawar ido ba. Abin da aka kama shi da shi shi ne haɗari ya yi ta maimaituwa a gabansa, yana da usur a baki, bai tsayar ba.

Ba duk wanda ya je kotu ke dawowa da nasara ba. Simon Van Oppen ɗalibi ne mai shekara 16 a makarantar Bedford a Ingila, ya ji rauni a laka a irin wannan wasa a 1980. Ya yi ƙarar makarantar cewa ba ta horar da shi yadda ya kamata ba, kuma ba ta yi masa inshora ba. Ya faɗi a duka biyun. Kotu ta ga horarwar ba ta da aibi, ta kuma ce makaranta ba ta da wajibcin saya wa ɗalibi inshorar haɗari. Kusan shekara tara aka yi tsakanin raunin da hukuncin ƙarshe. Duk lauyan da ya ce wa iyaye nasara tabbas ce tun bai ga shaida ba, to a yi hattara da shi.

Idan sakaci ya tabbata, sai a zo ga lissafi. Mutane da yawa na ɗauka kuɗin raɗaɗi da baƙin ciki ake biya, alhali wannan shi ne ƙaramin kaso. Babban kaso na abin da yaro zai buƙata ne nan gaba, da abin da ya rasa. Ben Collett yana da shekara 18 a ƙaramar ƙungiyar Manchester United lokacin da wani ɗan wasan Middlesbrough ya kai masa mummunar sura a 2003, ƙafarsa ta karye wuri biyu, ƙwallonsa ta ƙare. Ɗaya ɓangaren ya amsa laifi, gardamar ta koma kan adadi. Alex Ferguson, kocin babbar ƙungiyar a lokacin, da kansa ya ba da shaidar irin baiwar yaron. A 2008 kotu ta yanke masa sama da fam miliyan 4, kusan duka a madadin albashin da ake kyautata zaton zai samu da ya ci gaba da wasa. Ga yaron da ba tauraro ba, lissafin na kan wasu abubuwan ne: aikin tiyata, gashin ƙashi na shekaru, keken guragu da sai an riƙa sauyawa, katifar da ke hana gyambon kwanciya, robar fitsari, gyaran ƙofa da banɗaki, da wanda zai riƙa juya shi dare da rana. Sau da yawa uwa ce ke ajiye sana'arta ta zama ita ce mai jinya, wannan ma asara ce da ke shiga lissafi. Yaron da ya kwanta yana da shekara 15 yana iya rayuwa shekara arba'in ko hamsin a haka, kuma iyayen da ke ɗaga shi yau ba za su dawwama ba.

Akwai nau'in sakacin da ya fi kowanne yawa kuma ya fi sauƙin kaucewa, wato abin da ake yi bayan yaro ya riga ya bugu. A watan Oktoban 2006, Zackery Lystedt mai shekara 13 ya buga kansa a ƙasa a wasan ƙwallon Amurka na makaranta a jihar Washington. An fitar da shi na ɗan lokaci, sannan aka mayar da shi fili. Da aka tashi wasa ya yanke jiki ya faɗi, jini na zuba cikin ƙwaƙwalwarsa. Ya rayu, amma da naƙasa mai tsanani. Hukumar makarantun yankin ta daidaita da iyalinsa a kan dala miliyan 14.6. A 2009 jihar ta kafa doka da sunansa: duk yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a fitar da shi nan take, kuma ba zai koma ba sai da rubutaccen izinin ma'aikacin lafiya da ya san aikin. Zuwa 2014 dukkan jihohin Amurka 50 sun yi irin wannan doka. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta warke ba, bugu na biyu ko da ƙarami ne yana iya sa ta kumbura, kuma matasa ne abin ya fi kamawa. Kalmar "tashi mana, ai kai namiji ne" da ake yi wa yaro yana dafe da kai a gefen fili tana iya zama sanadin naƙasarsa. Haka ma ɗaukar wanda ya faɗi a kan wuya a yi masa cali-cali, ko a ɗora shi a babur, yana iya ƙarasa lakar da ba ta riga ta tsinke ba.

A ƙasar Hausa, abin da ke hana neman diyya ba rashin doka ba ne. Kocin da ya yi sakacin maƙwabci ne, ko malamin makarantar da ƙannen yaron ke zuwa. Ana zuwa dubiya da lemo da 'yan kuɗi a ambulan, dattawan unguwa su sa baki, uba ya ce, "Haka Allah Ya ƙaddara, mun yafe." Wannan hali yana da kyawunsa, ya kashe fitina da yawa kafin ta tashi. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa soke haƙƙi ba. Shari'ar Musulunci ce ta ƙayyade diyyar rai raƙumi 100 ko dinari 1,000, ta sa rabin haka a kan hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ko ido ɗaya, raƙumi goma a kan yatsa, biyar a kan haƙori, cikakkiyar diyya kuma idan hankali ya gushe. Diyyar nan a kan kuskure ma ana biyanta, kuma malaman Malikiyya kan sanya raunin da ya faru bisa wasa a babin kuskure. Domin kada nauyin ya karya mutum ɗaya, babbar diyyar kuskure dangin wanda ya jawo raunin ne ke haɗuwa su biya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne diyyar rauni dukiyar wanda aka raunata ce, ba ta ubansa ba, kuma waliyyi ba ya taɓa dukiyar yaro sai ta hanyar da za ta amfani yaron. Uban da ya yafe cikin makon farko, tun likita bai faɗi ko ɗansa zai sake takawa ba, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Ana iya yafe wa mutum a zuciya, a ci gaba da gaisawa a masallaci, amma a karɓi kuɗin jinya.

Duk da haka, kotu ba wurin da ake shiga da garaje ba ce. Tana cin kuɗi, tana cin shekaru, kuma za a sa yaro ya yi ta maimaita labarin ranar da ya fi son mantawa. Sai kuma a duba wa zai biya. A Ingila da Amurka kamfanonin inshora ne ke biyan waɗannan miliyoyin, ba aljihun alƙalin wasa ko koci ba. Kocin unguwa da ke horar da yara kyauta, yana sayen ƙwallo da kuɗinsa, ko an ci shi a shari'a ba abin da za a samu sai gaba. Lamarin ya bambanta idan makaranta ce mai karɓar kuɗi, ko makarantar horar da 'yan ƙwallo, ko hukumar da ta shirya gasa ta tara yara ba motar asibiti ba ma'aikacin lafiya. Waɗannan suna da abin biya, kuma da wuya su gyara halinsu idan sakaci bai taɓa jawo musu asara ba. New Zealand ta kauce wa wannan ja-in-ja tun 1974, inda wata hukuma ta ƙasa ke ɗaukar nauyin duk wanda ya ji rauni a haɗari ba tare da neman mai laifi ba, aka kuma rufe ƙofar kai ƙara a kan irin waɗannan raunuka. Inda babu irin wannan tsari, nauyin a kan iyali yake sauka.

Ko za a kai ƙara ko ba za a kai ba, shaida tun ranar farko ake tara ta. A adana katin asibiti, hoton ƙashi, rahoton likita da rasit na kowane magani. A rubuta sunayen waɗanda suka ga abin, a nemi bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka a waya tun ba a goge ba. Kada a sa hannu a kowace takardar sulhu sai likita ya faɗi inda raunin zai tsaya, domin wanda ya karɓi kuɗi ya sa hannu da wuya ya sake dawowa. Lokaci ma yana da iyaka. A Ingila shekara uku ce, kuma ga yaro ba ta fara ƙirguwa sai ya cika 18. A Najeriya wa'adin ya danganta da dokar kowace jiha, kuma akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta taƙaita shigar da ƙara a kansu zuwa wata uku kacal, abin da ke iya shafar makarantun gwamnati. Saboda haka ganin lauya da wuri ba ya nufin an ɗaura yaƙi da kowa.

Inda raunin tsautsayi ne tsantsa, an bi ƙa'ida, an kula da yaron yadda ya dace, babu dalilin jan wani zuwa kotu, taimakon dangi da ƙungiya shi ne mafita. Inda kuwa babba ya ga haɗari ya kau da kai, ko ya mayar da yaro fili yana jiri, ko ya shirya gasa ba tanadin agajin gaggawa, kuma yaron zai rayu da naƙasa, to iyaye su nemi haƙƙinsa. A fara da sulhu a gaban shaidu, a rubuce, da adadin da aka gina a kan rahoton likita. Idan an ƙi, a tafi kotu.