RABIN YADI YA ISA JAKAR CEFANE

Da wuya a sami gidan da ba shi da ƙunshin ƙyallaye. Bayan ɗinkin Kirsimeti ko na biki, tela yakan maido mana da ragowar yadi. Ba ta isa riga ba, ba ta isa zane ba, amma kuwa ta fi ƙarfin a zubar. Sai mu ƙulle ta mu jefa ƙasan akwati, mu ce wata rana za ta yi amfani. A wannan gida kuma, kowace ranar kasuwa mukan fita hannu sake, mu komo da leda biyar ko shida, wata ta tumatir, wata ta gishiri, wata kuwa ta fashe tun a hanya. Ragowar nan da ke cikin akwati ita ce maganin ledar nan. Rabin yadi ya isa jakar cefane mai ƙwari, muddin an auna kafin a sa almakashi.

ABIN DA LEDA TAKE JAWO MANA

Kakanninmu da kwando da ƙwarya suke zuwa kasuwa, maza kuwa da burgami a kafaɗa. Da leda ta zo muka karɓe ta hannu biyu, gama ba ta da nauyi, ruwa kuma ba ya ratsa ta. Aibinta shi ne ba ta ruɓewa kamar ganye. Ledar da ta ɗauki gishiri ko ƙosai, akuya takan bi ƙanshin ta haɗiye. A tumbi take zama, ba ta narkewa. Dabba ta yi ta ramewa ciki a kumbure, mai ita yana ta sayen magani a banza. Ku tambayi mahauta, su ne suke ganin abin da ke fitowa daga cikin shanu da awaki. Wadda akuya ba ta ci ba kuwa iska takan kai ta kwata. Da damina ta toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin haihuwa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Ƙasar Bangaladash ta hana leda marar kauri a shekara ta 2002, bayan an ga yadda take toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ma ta kafa doka a kan wannan a 2014. Amma doka ba ta kai wa kowa tumatir gida. In ba mu da wani abu a hannu, dole mu miƙa hannu mu karɓi leda.

To, me ya sa ba za mu sayi sabon yadi kawai ba? Domin auduga ma ba a banza take zuwa ba. Noma ta yana cin ruwa da magani, saƙa da rini kuma suna cin wuta. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike a 2011, ta ce sabuwar jakar auduga sai an yi aiki da ita sau 131 kafin ta biya bashin abin da aka kashe wajen yin ta, in an gwada da leda ɗaya da aka yi aiki da ita sau ɗaya. Ragowar yadi kuwa an riga an saƙa ta, an riga an biya kuɗinta. Duk abin da ta ɗauka riba ce.

AWO KAFIN YANKA

Mai yadi shida yana iya yin kuskure ya sake yankawa. Mai rabin yadi ba shi da wannan dama. Saboda haka yawancin aikin a tef da alli yake.

Da fari a wanke ƙyallen, a shanya, a goge. Auduga takan tsuke a wankin farko, gara ta tsuke kafin ɗinki. A nan kuma za a gane ko launinta yana zuba, kada ya ɓata gari ko farar riga daga baya.

Yadi ɗaya inci 36 ne, rabinsa inci 18. Faɗin atamfa kuwa wajen inci 45 ne. Watau abin da ke hannunmu inci 18 ne ta gefe ɗaya, 45 ta ɗaya gefen. Masu awo da mita su tuna inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, rabin mita kuma ya ɗara rabin yadi kaɗan. Akwai hanya biyu ta raba wannan ƙyalle, sai a zaɓa tun kafin a yanka.

Hanya ta fari ita ce ta jaka mai faɗi wadda ake riƙewa a hannu. Daga ƙarshe ɗaya a yanke sili biyu, kowane faɗinsa inci 4, tsawonsa 18. Waɗannan su ne hannuwa. Abin da ya rage inci 37 ne da 18. In an ninka shi biyu, shi ne jikin jaka. Ko ƙyalle ɗaya ba zai faɗi ƙasa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta jakar ratayawa a kafaɗa. A bi dogon gefen a yanke sili ɗaya mai faɗin inci 4 da tsawon 45, a raba shi biyu, kowane hannu ya zama inci 22 da rabi. Saura inci 45 da 14. A ɗebi inci 36 domin jiki, inci 9 da suka rage su zama aljihun ciki, na kuɗi da mabuɗi. Wannan jaka ba ta kai ta farin faɗi ba, amma tana barin hannu biyu sake, mai goyo da mai hawa babur za su fi son ta.

Ku lura, a duka biyun ba mu yanka gindin jaka ba, ninki ne kawai. Dalili biyu ne. Kowane ɗinki yana cin yadi, ga shi ba mu da na ɓatarwa. Sa'an nan dukan nauyin kaya a gindi yake sauka, ninki kuwa ba ya farkewa yadda ɗinki yake yi. Abu ɗaya ne za a duba. In zanen atamfar yana da sama da ƙasa, kamar tsuntsaye ko itatuwa, na gefe ɗaya za su tsaya da ka. Wanda wannan ya dame shi sai ya raba jikin biyu, ya juya ɗaya, ya haɗa gindin da ɗinki layi biyu.

YADDA ZA A ƊINKA

A fara da hannuwa. A kawo gefe biyu na silin su haɗu a tsakiya, a goge, a sake ninkawa biyu. Ya zama inci ɗaya ke nan, riɓi huɗu. A ɗinke dama da hagu. Hannu mai riɓi huɗu ba ya yanka tafin hannu, ba ya kuma murɗewa kamar igiya. In da aljihu, yanzu ne za a kalmashe bakinsa a ɗora shi ta ciki, tun jikin yana shimfiɗe.

Sai gefuna. Jakar da ba ta da shafi, bakin yadinta yakan zaizaye a ciki, zare ya riƙa shiga cikin shinkafa. Ga maganinsa. A ninka jikin, fuskar yadi tana waje, a ɗinke gefe biyu da kwatan inci. A datse zaren da ya fito. A juya jakar ciki ya koma waje, a goge, a sake bi da ɗinki ya ɗara kwatan inci kaɗan. Ɗinki na biyu ya rufe na fari ke nan, ba a ganin bakin yadi ko'ina, gefen kuma ya sami ƙarfi biyu.

Na uku, baki. A lanƙwasa rabin inci zuwa ciki, a sake lanƙwasa inci ɗaya, a goge. A nemo tsakiyar kowace fuska, a auna inci 3 dama, inci 3 hagu, a sa alli. A nan ne za a cusa ƙarshen hannu a ƙarƙashin kalmasa, a duba kada ya murɗe, a ɗinke kalmasar kewaye. Sa'an nan a ɗaga hannun sama a danne shi a kan kalmasa.

A nan muke so a yi haƙuri, gama yawancin jakunkuna ta hannu suke mutuwa. Layi ɗaya bai isa ba. A ɗinka ɗan akwati mai kusurwa huɗu a inda hannu ya hau kalmasa, a ratsa cikinsa daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar alamar sau a lissafi. Da haka nauyi yake bazuwa a kan zare da yawa. Wurare huɗu ne kawai, minti kaɗan za su ci, amma su ne za su sa jaka ta shekara ko ta mutu cikin wata guda.

Na ƙarshe, gindi. Jaka tana juye, a buɗe kusurwar ƙasa har ɗinkin gefe ya kwanta daidai kan ninkin gindi, wurin ya yi tsini. Daga tsinin a auna inci 2, a ja layi a gicciye. Tsawon layin zai zama inci 4. A ɗinke shi sau biyu, a yi haka a ɗaya kusurwar. Kada a yanke kunnuwan nan biyu da suka fito, a kwantar da su a gindi a kama da allura, ƙarin ƙarfi ne. Jakar hanya ta fari za ta fito wajen inci 13 a faɗi, 15 a tsayi, 4 a ciki. Za ta zauna da gindinta, ta ɗauki shinkafa mudu biyu da kayan miya a bisa.

Wanda ba shi da keke kada ya karai. Allura da zare sun isa. A riɓa zaren biyu, a goga shi a kyandir don kada ya sarƙe. Kowane taki allura ta koma baya ta shiga inda ɗinkin baya ya tsaya, ta fito gaba. Wannan ɗinki yana riƙewa kamar na keke. Yamma biyu ko uku sun isa, sannu ba ta hana zuwa.

IN KO RABIN YADIN BABU

Daidai ruwa daidai tsaki. Ƙananan ƙyallaye ana iya daidaita su a haɗa layi layi har su kai awon jiki. Sai dai a haɗa masu kauri ɗaya, kada a gama leshi da kaki, gama mai ƙarfin zai yaga marar ƙarfin. Jakar haɗe-haɗe tana bukatar shafi, tun da ɗinki ya yi yawa a cikinta. Buhun shinkafa ko na fulawa da aka wanke yana yin shafi mai kyau. Amma buhun taki ko na maganin ƙwari kada ya kusanci abinci, ko an wanke shi sau nawa.

Tsohon zane a tsakiya yake mutuwa, wurin zama. A ɗaga shi a hasken rana, inda haske yake ratsawa a bar shi, a yanka daga gefuna. Wandon jins da ya fashe a gwiwa kuwa, in an farke ƙafafunsa biyu an haɗa, sun ba da jiki mai ƙwari ƙwarai, ƙugunsa kuma hannu ne wanda an riga an ɗinka. Sai dai a sa wa keke babbar allura, lamba 16 ko 18, a bi wuraren kauri a hankali. In yadi ya isa jiki amma bai isa hannu ba, a nemo hannun daga wani ƙyalle dabam. Ba wanda ya ce sai launi ya zama ɗaya.

BAYAN AN GAMA

Kafin a kai ta kasuwa a gwada ta a gida. A zuba yashi ko duwatsu, a rataye a ƙusa ta kwana. In akwai inda zai saki, gara ya saki a tsakar gida da ya saki a bakin titi.

Jakar ƙyalle tana shan ruwa, wannan ne inda leda ta fi ta. Saboda haka nama da kifi kada su taɓa jikinta, a tafi da kwano mai murfi a sa a ciki. Man ja kuma a kwalba. A riƙa wanke jakar da sabulu ana shanyawa a rana ta bushe sarai, domin jaka mai laima ɗakin ƙwayoyin cuta ce. In hali ya yi a ɗinka biyu, ɗaya ta hatsi, ɗaya ta ɗanyen kaya.

Aikin nan ya dace da koyo, gama duk ɗinkinsa miƙaƙƙe ne. Yarinya ko yaro ɗan shekara goma zai iya ninka hannuwa da zana layi, yana koyon awo bai sani ba. A taron zumuntar mata kuma, in kowace ta kawo ƙunshinta aka zube a tabarma ɗaya, wadda take da jiki ba hannu za ta samu a wurin 'yar'uwarta.

Saura abu ɗaya, shi ne tunawa. Jakar da aka manta a gida ba ta hana leda shigowa. A buga mata ƙusa a bayan ƙofa, inda ido zai faɗa mata a lokacin fita, da an juye cefane kuma a maida ta wurinta. Yara da ake aika su ma a saba musu. To, a wannan mako bari mu buɗe akwati, mu kwance ƙunshin nan, mu ɗauko tef mu ga inci nawa muke da shi.